Idan Aka Ce Ka Saci Kiɗan Wani

Yaro, ka tambaye ni abin da ya kamata ka yi tunda an fara raɗe-raɗin cewa kiɗan da ka haɗa wa fim ɗin nan ya yi kama da na wani, ka kuma ce kana ganin gara ka yi shiru har maganar ta mutu da kanta. Irin wannan magana ba ta mutuwa da kanta, kuma waɗanda suka fi ka nesa ba kusa ba sun ɗanɗana kuɗarta.

Akwai Mika'il Tariverdiyev, ɗan asalin Armeniya da aka haifa a Tibilisi, babban birnin Jojiya, a 1931, wanda ya koyi tsara kiɗa a Mosko a hannun fitaccen mai tsara kiɗa Aram Kachaturiyan, ya kuma yi wa finafinai sama da 130 kiɗa kafin mutuwarsa a 1996. A 1973 aka nuna wani fim na talabijin mai kashi 12 a kan ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet a Jamus ta zamanin Hitila, shi ya yi kiɗan, Yosif Kobzon ya rera waƙoƙin, Tarayyar Sobiyet duka ta ɗauka. Ana cikin haka sai ga saƙon talgiram da sunan Faransis Lai, mai kiɗan finafinai na Faransa, wai yana taya murna da nasarar da kiɗansa, shi Lai ɗin, ya samu a fim ɗin. Nan take aka soma yi wa Tariverdiyev kallon ɓarawo, aka rage sa kiɗansa a rediyo, alhali Lai bai aika komai ba, kamar yadda shi da kansa ya tabbatar daga baya. Tariverdiyev bai naɗe hannu ba, sai da ya bi diddigi aka wanke shi, kuma a 1977 gwamnati ta ba shi lambar yabo ta ƙasa saboda kiɗan wani fim na darakta Eldar Riyazanov.

Ni kuwa ban samu wanda zai wanke ni ba. A zamanin kaset, wani furodusa ya zo situdiyona da daɗin baki, ya ce in haɗa masa kiɗan waƙar soyayya, ya roƙi in ba shi kwafi ya je ya jiyar da abokan kasuwancinsa kafin a yi ciniki. Ya tafi da kaset ɗin, ya kai wa wani yaro mai araha, yaron ya kwaikwaye shi tsaf, ya sauya ganga kaɗan, fim ya fito, waƙar ta cika gidajen biki. Da na saki nawa na asali, sai furodusan nan ya riƙa yawo yana cewa ni na kwafi nasu. Manyan ayyuka suka kuɓuce mini, mawaƙan da na raina da hannuna suka daina gaishe ni, kuma har yau idan na ji kiɗan nan a cikin mota sai cikina ya ƙulle.

Yadda ake saita fiyano ko ɗaukar murya ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma shara. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne kafin kiɗa ya bushe kun tura shi WhatsApp ana yaba muku. Kamanni kaɗai ba sata ba ne, domin sautukan da kowa ke juyawa ƙididdigaggu ne, amma sai da hujja ake faɗin haka. Ka buɗe kwamfutar, ka fito da fayil ɗin farko mai kwanan wata, ka kira mawaƙin da ya ɗora murya ya zama shaida, gobe da safe mu je wurin shugabannin ƙungiya tare.