Hukuncin Kashe Kuɗi Wajen Farfaɗo da Tsohuwar Tirelar Kwana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Jos. Na sayi wata tsohuwar tirelar kwana, irin gidan nan na tafi-da-gidanka da ake ja da mota, a wurin gwanjo. Duk Asabar ina kanta: na ɓamɓare katakon da ya ruɓe, mai walda ya gyara ƙarfen ƙasa, yanzu ina son sa mata sola da ɗan kicin don mu riƙa fita da iyali wajen duwatsun Shere. Yayana ya ce almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa. Mene ne hukunci? Kuma akwai zakka a kanta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asalin al'amuran duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma babu nassin da ya hana wannan aiki. Hasali ma Allah Ya ambaci gidan da ake tafiya da shi cikin ni'imominSa, a Suratun Nahli aya ta 80, inda Ya ce Ya sanya mana ɗakuna daga fatun dabbobi, masu sauƙin ɗauka ranar tafiya da ranar zama.

Batun kwaikwayo ba shi da ƙarfi. Gaskiya ne a Amurka da Turai wannan sha'awa ta bunƙasa. Wally Byam ya fara ƙera tirelolin Airstream masu jikin alminiyum a Kalifoniya tun shekarun 1930, kuma har yau ana neman tsofaffinsu ana gyarawa. Amma kamanceceniyar da aka hana ita ce ta abin da ya keɓanci addinin wasu. Tirela kayan amfani ce kamar mota, Fulani da Buzaye kuwa sun daɗe suna tashi da ɗakunansu.

Inda maganar yayanka take da nauyi shi ne wajen kuɗi, don haka kada ka yi watsi da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Allah Yana ƙin tozarta dukiya. Sai dai israfi ba adadi ɗaya ba ne ga kowa, ana auna shi da halin mutum. Suratul Furƙan aya ta 67 ta yabi waɗanda ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro. Irin wannan gyara kuwa ya iya cin kuɗi a ɓoye. Ka ɗaga leda don canza katako guda, sai ka tarar ruwan da ya daɗe yana yoyo ta bakin taga ya cinye daɓen gaba ɗaya, tsatsa ta kama ƙarfe, sai ga ka a Kasuwar Katako karo na biyu. To ka duba: abincin gida, kuɗin makarantar yara, haƙƙin iyaye da bashin da lokacinsa ya yi, duk sun fita? Idan daga rarar da ta saura kake yi, babu laifi, raya abin da za a yar ma ya fi kusa da tattali. Idan kuwa uwargida tana jiran cefane kai kana cinikin batir, ka shiga gargaɗin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Cin bashi da ruwa saboda tirelar haramun ne, babu wata larura a nan.

Kada kuma Asabar ɗin ta cinye maka sallar jam'i da zumunci.

Akwai amanar rai. Annabi (SAW) ya hana barin wuta a gida lokacin barci. Sanyin Jos yakan sa a rufe ko'ina, alhali garwashi ko risho ko hayaƙin janareta a ɗaki ƙarami rufaffe yana kashe mutum cikin barcinsa. A canza tsohon bututun gas, a bar mashigar iska. In ƙirar Amurka ce, wayoyinta na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, tamu kuwa 230, sai gwani ya sake su. A duba birki da tayoyi kafin a hau gangaren Filato, kuma kada kowa ya zauna cikinta ana ja.

Zakka: idan don amfanin kanka ka saya, babu zakka a kanta, bisa hadisin da ya ɗauke zakka daga dokin mutum. In daga baya ka sayar, kuɗin zai jira shekara in ya kai nisabi. Idan tun farko da niyyar gyarawa ka sayar ka saya, ta zama hajar kasuwanci. A mazhabar Malikiyya mai ajiye haja yana jiran farashi yakan fitar da zakkar shekara guda ne bayan ya sayar. Ranar sayarwa kuma wajibi ne ka faɗi abin da fenti ya rufe: inda aka yi walda, inda take yoyo, da abin da ba na asali ba ne.

Wallahu a'alam.