Zoben Daimon da Kuɗi Kaɗan: Amsa ga Mai Shirin Baiko

Ƙanena, ka ce an kusa sa ranarku, yarinyar ta nuna maka tana son zoben daimon, kai kuma abin da ke hannunka bai taka kara ya karya ba, ga sadaki ga lefe suna jiranka. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Na daɗe ina zuwa Dubai saro gwal, na kuma sha sayo wa mutane irin wannan zoben, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Ka fara sanin cewa daimon ba ajiya ba ne. Mu mata mun saba da gwal: ranar da ta ɓaci sai a kai shi kasuwa, a ɗora a sikeli, a ƙirgo maka kuɗinka, wani lokaci har da riba. Daimon ba haka yake ba. Na taɓa raka wata ƙawata sayar da zoben da mijinta ya ba ta, lokacin da kuɗin asibiti ya taso musu. Mai shagon ya auna, ya cire nauyin dutsen, ya yi mata lissafin gwal ɗin kaɗai. Dutsen nan da ya cinye mafi yawan kuɗin zoben, abin da ya taya shi ko kusa bai kai ba. Har yau ina tuna yadda idonta ya cicciko a shagon nan. Saboda haka kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin sadaki ko na lefe. Ka ware abin da za ka iya bayarwa kyauta ba tare da ranka yana kai ba, ka tsaya a kansa ko me mai shago zai ce.

Kalmar karat tana rikita mutane. A gwal, tsarkinsa take nufi, 18 ko 21 ko 22. A daimon kuwa nauyi ne: karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. Farashi yana tsalle idan dutse ya cika rabin karat ko karat ɗaya cif. Ka nemi 0.45 maimakon 0.50, ko 0.90 maimakon ɗaya. A yatsa ba mai gane bambancin, aljihunka ne zai gane.

Inda ba na so ka yi rowa shi ne yanka. Yankan ne ke sa dutse ya yi walƙiya. Na riƙe ƙaramin dutse mai kyan yanka kusa da babba wanda aka yanka ba daidai ba, babban ya zama kamar fasasshen gilashi. Idan dutsen zagayayye ne, ka nemi wanda takardar shaidar ingancinsa ta ce yankansa Excellent ne, ko aƙalla Very Good. Kuma ka roƙi a bar ka ka duba shi a bakin ƙofa, don fitilun shagunan Deira, unguwar kasuwar gwal ta Dubai, ko kwalba aka sa ƙarƙashinsu sai ta yi ƙyalli.

Launi da tsabta, nan ne za ka rage kuɗi. Ana jera launi daga D, fari tas, zuwa Z mai rawaya. Idan a kan jan gwal za a ɗora, H ko I ko ma J ya wadatar, launin gwal ɗin zai rufe ɗan rawayan. Tsabta kuma, wato ƙarancin ɗigo a cikin dutse, matakin da takarda ke kira VS2 ko SI1 mai kyau ya isa, muddin idonka bai ga ɗigo a ciki ba. Abin da sai da madubin ƙara girma ake gani, ba shi za ka biya wa kuɗi ba.

Kada ka saya ba takarda. Ta GIA ko ta IGI, cibiyoyin da ke tantance ingancin daimon, ake yarda da su. Galibi ana rubuta lambar takardar a gefen dutsen da rubutu siriri. Ka sa a nuna maka da madubi, sannan ka shigar da lambar a shafinsu na intanet ka ga ko bayanin ya yi daidai. Ɗan alƙalamin gwajin da ake dangwalawa ya yi ƙara kada ya ruɗe ka, wasunsu ba sa bambance daimon da mosanait, wani dutse mai araha da ke kama da shi.

Ga shawarar da zan ba ƙanena na ciki ɗaya. Yanzu akwai daimon da ake haɗawa a masana'anta. Ba jabu ba ne, sinadarinsa da taurinsa ɗaya da wanda ake haƙowa a Botswana ko Afirka ta Kudu, kuma yana da araha sosai. Aibinsa shi ne in an zo sayarwa ya fi wanda ake haƙowa faɗuwa, amma ai mun riga mun ce ba don sayarwa za ka saya ba. Sharaɗi ɗaya: ka gaya mata gaskiyar abin da ka ba ta. Kada wata rana ta ji daga bakin mai shago. Rarar kuɗin kuma ka ƙara mata 'yan kunne ko sarƙa ta gwal 21 a lefe, wannan shi ne abin da zai rufa mata asiri in buƙata ta taso.

Jikin zoben ya zama gwal 18, za ka ga hatimin 750 a cikinsa. Ya fi 21 tauri, ƙafafun da ke riƙe dutsen ba sa saurin buɗewa. Ka zaɓi wanda dutsensa bai yi tsini sama ba, don hannun da zai yi girki da wanki ne, ga mayafi da leshi da ke saƙalewa. Awon yatsa kuwa, ƙanwarta ko ƙawarta za ta iya aro maka zoben da take sawa. Naka, in za ka sa, azurfa za ka nema, ka san hukuncin gwal ga namiji.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da nauyin gwal daban, bayanin dutse daban. In ka samu wanda ya kwanta maka, turo mini lambar takardar kafin ka biya, in duba maka.