Amsa: Kyamarar Baba mai ido biyu, tana da sauran amfani?

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci Yashica Mat-124G a akwatin marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, kana tambaya ko za ta yi aiki. Za ta yi, in dai ba ta cije ba. Ƙirar Japan ce ta tsakanin 1970 da 1986, irinta nake riƙe da ita a nan Gombe.

Idon sama na leƙe ne kawai, na ƙasa shi ke ɗaukar hoto. Shi ya sa in ka matso kusa da mutum sai ka tarar ka sare masa hula, don abin da ka gani ya ɗan saɓa da abin da fim ya kama. A ƙirji ake riƙe ta, kana duban gilashin sama, kuma dama na fitowa a hagu. Ranar farko da na bi mahayin doki da ita, ya yi gabas, ni na yi yamma, yara na ta dariya.

Fim mai lamba 120 take ci, hoto 12 kacal, kowane santimita 6 tsawo da faɗi. Samunsa da wankinsa ne wahalar, ni daga Legas nake sa a aiko min.

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe bayanta, ka saita lokacin buɗewar idon ƙasa a kan daƙiƙa ɗaya ka danna maɓallin ɗaukar hoto. In ta yi nauyi, man ciki ya daskare. Batirin awon haskenta an daina yin irinsa, manhajar waya ta ishe ka. Ƙurar hunturu kuwa, hure ta tukuna, kada ka goge idon da bakin riga.