In taho Legas neman aiki, ko in nema daga gida tukuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lantarki ne, ina da babbar difloma, na yi hidimar ƙasa, yanzu shekarata huɗu ina aiki a wata masana'anta a Funtuwa. Albashin ba ya kai mu ƙarshen wata, ni da maiɗakina da yara biyu. Abokina da ke Agege ya ce in ajiye aikin in taho, wai aikin Legas sai an zo ake samu. Na tura takarduna wurare da yawa ta intanet, shiru kake ji. In taho ne? Kuma ko in sa adireshinsa a takarduna kamar a Legas nake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ajiye aikinka tukuna. Na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata a nan Ikeja, kuma na ga matasanmu da yawa da suka saki reshe suka kama ganye. Mutum ya taho da guzurin wata uku, kuɗin mota da abinci su cinye shi cikin wata ɗaya, daga nan duk abin da aka miƙo masa sai ya karɓa, ko da bai kai abin da ya baro a gida ba. Mai aiki a hannu yana da bakin yin ciniki a kan albashi. Wanda yake kwana a tabarmar abokinsa ba shi da wannan bakin.

Amma abokinka ma yana da gaskiyarsa. Zuwa da kai ya fi aike, musamman a sana'a irin taka da ake son a ga hannunka a kan inji. Sai dai ziyara ce za ka kawo, ba ƙaura ba, kuma zan zo kanta.

Bari mu fara da shirun da kake ji. Mai tace takardu yana da tuli a gabansa. Da ya ga Funtuwa a saman takarda, abin da ke zuwa masa a rai shi ne: in na kira wannan mutumin intabiyu jibi, zai iso? In an ɗauke shi, a ina zai kwana? Ba sai ya ƙi ka ba, kawai zai wuce ga wanda ke Oshodi. To ka amsa masa tun bai tambaya ba. A ƙarƙashin sunanka da lambar wayarka ka rubuta cewa kana aiki a Funtuwa, a shirye kake ka koma Legas da kuɗinka, kana da masauki a Agege, kuma za ka iya halartar intabiyu in an ba ka kwana uku. Wannan layin guda yana buɗe ƙofa fiye da yadda kake zato.

Batun ka nuna kamar a Legas kake zaune kuwa, ban yarda da shi ba. Takardar tarihin aikinka da kanta za ta tona ka, tunda ta ce har yau kana masana'antar Funtuwa. Kuma ranar da aka bugo da yamma aka ce ka zo gobe ƙarfe tara, me za ka ce, alhali tsakaninka da mu tafiyar yini da kwana ce? Ka sa adireshin abokinka a matsayin masauki, da saninsa.

Ka ci gaba da duba shafukan neman aiki irin su LinkedIn da Jobberman da shafukan kamfanonin da kansu, amma ka rage yawan turawa, ka zaɓi inda ake neman ainihin abin da ka iya. Ka ambaci irin injinan da ka riƙe da ƙarfin janareton da ka kula da shi. Sannan ka nemi waɗanda kuka yi makaranta tare da ke aiki a nan. Guraben masu gyaran inji da yawa ana cike su ne ta bakin ma'aikacin ciki tun kafin a kai ga talla. Ka kuma fara tunanin wanda zai tsaya maka, domin kamfanoni da dama a nan suna neman mai tsayawa mutum ɗaya ko biyu mazauna Legas, masu aiki ko kasuwanci tsayayye. A zangon Agege, da Mile 12, da Idi-Araba akwai dattawanmu da za su iya, amma ba wanda zai sa hannu a kan baƙon da ya gani jiya. Abokinka ya fara gabatar da kai tun yanzu.

Idan kira biyu ko uku suka samu, ka roƙi a yi zagayen farko ta waya ko bidiyo, sauran ka haɗa su cikin mako guda, ka ɗauki hutun shekararka ka taho kai kaɗai.

A wannan makon ne za ka fahimci abin da ba a gane shi daga nesa: Legas ba gari ɗaya ba ne wajen zirga-zirga. Daga Agege, masana'antun Ikeja da Ogba da Oregun suna kusa, Sango Ota ta jihar Ogun ma ba nisa, ga jirgin ƙasan da ya fara jigila a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege. Amma in aikin ya faɗo a Ibeju-Lekki, wajen matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwan Lekki, to ɗakin abokinka ba zai yi maka ba, domin wancan ƙarshen jihar ne, kai kana wannan. Shi ya sa nake cewa a samu aiki kafin a kama haya. Hayar kuma shekara guda ake biya a dunƙule, ga kuɗin dillali da na yarjejeniya a kai. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a nemi fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da Ikoyi, Victoria Island, Apapa da GRA ta Ikeja. Ka yi lissafi da biro: albashin da aka faɗa, a cire haraji da kashi 8 cikin ɗari na fansho, a cire kuɗin mota na kwana ashirin da shida, a cire kason haya na wata. In ragowar bai fi abin da ke rage maka a Funtuwa bayan irin wannan lissafin ba, ko da adadin ya ninka a takarda, ba ka ci riba ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar wa ma'aikatanta a 2024 naira 85,000 ne, na ƙasa baki ɗaya kuma 70,000, to ka san inda kake tsaye in an yi maka tayi.

Kada ka saka acaba a lissafinka a matsayin abin riƙe kai kafin aiki ya samu. Tun Yunin 2022 aka haramta ta a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, daga baya aka ƙara huɗu, kuma kwace babura ake yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu damfarar baƙi. Saƙo zai shigo wayarka cewa an gayyace ka intabiyu, ba sunan kamfani, ba muƙami, sai adireshi kawai. Ko a ce ka turo kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka aiki, rabu da shi. Ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tura abokinka ya leƙa ginin da idonsa kafin ka sayi tikitin mota. In dillalan aiki ne, ka tambaye su lasisinsu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka kuma tambaya ƙarara wa zai riƙa biyanka, masana'antar ce ko ɗan kwangilar da ke kawo mata ma'aikata, domin hakkokin ba ɗaya ba ne.

Dokar ƙwadago ta ba mai ɗaukar aiki har wata uku ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Wanda ke Mushin zai iya fara aiki ya jira. Kai da za ka bar garinku, ka nemi takardar ɗaukar aikin a hannunka, da albashi da wurin aiki da ranar farawa a ciki, sannan ka ba masana'antarku sanarwar da yarjejeniyarku ta tanada, ku rabu lafiya, domin za a iya bugo musu a tambayi halinka. Maiɗakinka da yara su zauna a gida har ka wuce watannin gwaji, wanda galibi uku zuwa shida ne, ka kuma kama ɗaki kusa da wurin aikin. Ku yi wannan maganar da ita tun yanzu, ku tsayar da abin da za ka riƙa turowa duk wata. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.