Amsa ga mai neman tambayoyin kacici-kacici

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce an ɗora miki shirya gasar kacici-kacici ta ƙarshen zango tsakanin 'yan sakandaren unguwarku, kina neman tambayoyi kan ƙasashe, tarihi, labaran da, wasanni da kalmomi. Allah ya dafa miki. Na daɗe ina wannan aiki a makarantarmu a nan cikin birnin Kano, kuma abin da ya fi cin lokacina kullum shi ne tace tambayoyin, har sai na tabbata kowacce amsarta ɗaya ce, wadda idan alƙali ya faɗa babu mai tashi ya ce bai yarda ba.

Na taɓa zama a wata gasa aka tambayi ƙasar da ta fi faɗi a Afirka. Wata yarinya ta ce Aljeriya. Alƙali ya ce ta faɗi, Sudan ce, domin daga tsohon littafi aka kwafo masa. Alhali tun ranar 9 ga Yuli 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle, Aljeriya ce a gaba. Yarinyar nan ta koma mazauninta tana share hawaye, ga ta da gaskiya amma babu mai tsaya mata, kuma har yau abin yana ci mini rai. Haka batun yawan jama'a: mun taso ana cewa Sin, amma Indiya ta wuce ta a 2023. Duk abin da ke iya sauyawa, ki sake dubawa a makon gasar. Wanda kuma masana ba su gama gardama a kansa ba, irin tsayin Nilu da Amazon, ki bar musu kayansu. Ki tambayi inda Kogin Neja ya haɗu da Binuwai, wato Lakwaja, ko ƙasar da Dutsen Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 yake, wato Tanzaniya. Babban birnin Turkiyya ma tambaya ce mai daɗi, don da yawa Istanbul suke cewa, Ankara kuwa ita ce amsa.

Amma roƙona gare ki, rabin tambayoyin su zama na gida. Ina jin ciwo in ga yaron da aka haifa a gindin Dala ya jero 'yan wasan Real Madrid kaf, a tambaye shi wa ya kafa Kasuwar Kurmi ya yi zuru. Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarauta da ake kira da sunansa, a zamaninsa kuma Shehu Magili ya zo Kano. Sarki ɗaya, ga tambayoyi uku. Ganuwa an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu. Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin sama ya fara sauka a nan a 1925. An ƙirƙiri jihar ranar 27 ga Mayu 1967, gwamnanta na farko Audu Baƙo, aka cire Jigawa daga cikinta a 1991, yanzu ƙananan hukumominta 44. Waɗannan duk ba a jayayya a kansu. Yawan ƙofofin gari kuwa kada ki taɓa shi, wani zai ce 13 wani ya ce 15, saboda akwai waɗanda aka huda daga baya irin su Sabuwar Ƙofa. Gara ki ce a kawo sunayen biyar, yaro ya lissafo Nasarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Kabuga, ya ci makinsa.

Labaran da suna son a bi su a hankali. Idan za ki yi tambaya kan Bayajidda da rijiyar Kusugu da ke Daura, ki fara da "a cewar labarin", haka ma Barbushe da Tsumburbura a kan Dutsen Dala. Gadonmu ne, ya kamata yara su san shi, su kuma iya jero Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Sai dai su san cewa abin da kaka da kakanni suka ruwaito da baki matsayinsa daban da abin da aka rubuta ranar da ya faru. Malamin tarihi da ke zaune a cikin taron zai gode miki.

Wasanni ba sa ba da wahala. Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a 1980 da 1994 da 2013, ta ci zinare a ƙwallon Olamfik a Atlanta a 1996. Kano Pillars ta zama zakarar gasar Firimiyar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ki sa musu wannan ki ji yadda ɗakin zai ɗauka da "sai masu gida".

A ɓangaren kalmomi ne nake ganin abin mamaki, domin a nan yaran makarantun kuɗi suke zubewa, ɗan da ke zuwa ƙauye hutu ya kwashe maki. Me ake kiran macen doki? Goɗiya. Macen raƙumi? Taguwa. Wane suna ake yi wa namijin da aka haifa bayan mata? Tanko. Wanda ya biyo tagwaye? Gambo. Ki haɗa da ƙarasa karin magana, amma ki zaɓi sanannu, don wasu suna da ƙarashe fiye da ɗaya.

Siyasar jam'iyya da saɓanin ɗariƙu kada su shigo takardarki ko kaɗan. Kafin ranar, ki ba malamai biyu tambayoyin ba tare da amsoshin ba, su amsa kowa shi kaɗai. Duk inda suka saɓa da ke ko suka saɓa da juna, ki cire. Ki kuma tanadi wasu guda goma a gefe saboda kunnen doki, domin a zagayen ƙarshe kusan kullum sai an yi shi.