Tambayi Likita: Bayan Aikin Moyamoya

Tambaya: Likita, an yi wa ɗana mai shekara 3 aikin moyamoya. Yaya lafiyarsa za ta kasance nan gaba? Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Moyamoya cuta ce da ke ƙuntata jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin yaro ƙanana ne, don haka akan shimfiɗa jijiyar jini ta fatar kai a kan ƙwaƙwalwa, sababbin rassa su tsiro cikin wata 3 zuwa 6. Kafin nan sai an kula sosai: ƙarancin ruwa a jiki da kuka mai tsanani suna rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa. Da zazzaɓi ko gudawa, ki garzaya asibiti. Yawancin yara ba sa sake shanyewar ɓarin jiki, amma ɓarnar da ta riga aikin takan zauna, magana da karatu su yi jinkiri. A gwada sikila, a maimaita hoton ƙwaƙwalwa na MRI, kuma kada ki daina ba shi asfirin sai likita ya ce.