Neman takardar shaidar aiki ga mai otizim

'Yar'uwa, kin ce kina da otizim (lalurar da ke sa mu'amala da mutane da gane nufinsu su yi wa mutum wuya), inda kika nemi aiki sun buƙaci mutum biyu da za su ba da shaida a kanki, ke kuma ba ki saba da tsohon shugabanki ba, kina tsoron ya rubuta cewa ba ki shiga mutane. Ni ma ina da wannan lalura, kuma na sha neman irin takardar nan.

Ba sai kun shaƙu da mutum zai yi miki shaida ba. Mai ɗaukar aiki wanda ya ga aikinki da idonsa yake nema. Takardar da ta fi yi mini amfani wata mata ce ta rubuta, wadda take duba rahotannin da nake haɗawa, kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Malamin da ya duba aikinki na kammala karatu, wanda kika yi aikin sa-kai a ƙarƙashinsa, ko na gaba da ke a ofis ko da ba shi ne babba ba, duk sun isa. Dangi ne dai galibi ba a karɓa.

Ki nema a rubuce. Ba dole ki buga waya ko ki je ki tsaya gaban teburin mutum kina neman ta inda za ki faro ba. Nawa saƙon kusan haka yake: "Ranka ya daɗe, na yi aiki a sashenka daga shekara kaza zuwa kaza. Ina neman aiki kaza, ana rufe karɓar takardu ranar kaza. Za ka iya ba da shaida mai kyau a kaina? Idan ba ka da lokaci, ko kana ganin ba ka san aikina sosai ba, ba komai, ka faɗa mini."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a gare mu. Mutane ba su cika cewa a'a kai tsaye ba. Sai a ce "zan duba" ko "bari mu gani", mu kuma mu ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, mu zauna jira har lokaci ya ƙure. Na daina ƙoƙarin karanta zuciyar kowa, na kafa wa kaina doka: bayan mako ɗaya in tuna masa sau ɗaya, idan shiru ya biyo baya in wuce ga na gaba. Shi ya sa idan mutum biyu ake so, gara ki tuntuɓi uku ko huɗu, kuma ki ba su mako biyu zuwa uku.

Wanda ya amsa, kada ki bar shi da abin da ya tuna kawai, don mai yiwuwa shirunki a wurin taro ne ya tsaya masa a rai. Tura masa takardar tarihin karatunki da ayyukanki, da tallar aikin, da gajeren jerin abubuwan da kika yi a hannunsa: kuskuren lissafin da kika gano, tsarin ajiyar takardu da kika gyara, aikin da ba ki taɓa bari ya wuce wa'adi ba. Wannan ba yabon kai ba ne, sauƙaƙa masa kika yi, kuma yawanci daga nan zai ɗebi abin rubutawa. Ki sanar da shi ma ko imel za a turo masa ko kiransa za a yi.

Maganar otizim kuwa taki ce. Idan ya sani kuma ba ki so a ambata, ki faɗa masa ƙarara, don wani da kyakkyawar niyya zai rubuta. Idan kina so a ambata, ku daidaita kan lafazin, misali "ta fi ƙwazo idan aka ba ta umarni a rubuce da wurin da babu hayaniya".

Idan kuma rabuwarku da shugaban ba ta yi daɗi ba, ki bi ta sashen kula da ma'aikata. Manyan kamfanoni da yawa dama iyakarsu su tabbatar da muƙami da ranakun fara aiki da barinsa, kuma masu ɗaukar aiki sun saba ganin irin wannan. Sai ki haɗa takardar da suka ba ki da ta wanda ya san ingancin aikinki.